Tarihin Ikoyi Daga Bakin Ƙofa

Duk wanda ya kwana biyu a Ikko ya san cewa in ana lissafin unguwannin masu hannu da shuni, to da Ikoyi ake farawa kafin a zo kan Victoria Island ko Lekki. Akasarinmu mazauna Obalende da Idi-Araba da Agege da Mile 12 mun san unguwar, amma sanin bakin ƙofa muka yi mata. Wani ya yi gadi a can, wani ya yi kiwon dawaki, wani ya kafa teburin tireda a jikin katanga, wani kuma kai kaya kawai yake yi ya juyo. Saboda haka muka ga ya dace a wannan fitowa mu waiwayi tarihin wannan unguwa, watau yadda aka shafe shekara ɗari ana neman tsare ta daga cuta da ɓarayi da talakawa, da kuma abin da wannan nema ya jawo wa mutanenmu, waɗanda su ne a bakin ƙofar tun ran farko.

Maganar gadi a Ikko ta girmi Ikoyi kanta. Turawan Ingila sun karɓe garin daga hannun Oba Dosunmu a 1861, kuma ba su daɗe ba suka ga ba su da wanda zai tsare musu abin da suka karɓa. A 1863 wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover ya tara wasu Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa, ya ba su kaki da bindiga. Daga wannan 'yar ƙungiya ne rundunar sojan Nijeriya take ƙirga asalinta har gobe. Da su Glover ya tafi yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874. To kun ga dabarar Bature ke nan: ya ɗauko baƙo wanda ba shi da dangi a gari, ba ya jin harshen gari sosai, ya ɗora shi a kan tsaron gari. Mutanen Ikko ba su ƙaunaci waɗannan 'yan sanda ba, har suna suka laƙa musu na ɓarayi arba'in. Wannan zargi da aka fara yi wa Bahaushe mai tsaro tun wancan zamani, za mu ga bai rabu da shi ba.

Ita kuwa Ikoyi a lokacin daji ce da fadama da 'yan ƙauyukan masunta, ƙasar gidan sarautar Onikoyi, haɗe take da tsibirin Ikko. Abin da ya raba su shi ne mashigin ruwan da aka haƙa a zamanin Gwamna William MacGregor, wanda ya yi mulki daga 1899 zuwa 1904. Shi MacGregor likita ne, kuma ya zo ne daidai lokacin da aka gano cewa sauro ke kawo zazzaɓin da ke kashe Turawa kamar kiyashi. Ra'ayinsa shi ne a zuƙe fadamu, a raba wa kowa kwinin, baƙi da fari, bai yarda da a ware wa Turawa unguwa ba. Amma waɗanda suka biyo bayansa ba su bi shi a kan haka ba. Gwamna Lugga ya kafa dokar birane ta 1917, kuma ƙa'idarsa ita ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai sauron da ya ciji ɗan ƙasa ba zai iya tashi ya kai wannan nisa ba. A shekarun 1920 aka yanka Ikoyi aka yi mata tituna masu faɗi da gidaje masu makeken fili, aka dasa itatuwa. Mashigin da likita ya haƙa don lafiyar kowa sai ya zama iyaka. Sunayen titunan ma sun isa shaida: Glover, Lugard, Cameron, Bourdillon, Thompson, duk gwamnonin mulkin mallaka ne.

A nan ne abin dariyar yake. An ce baƙar fata shi ne mai ɗauke da cuta, kada ya kwana kusa da Bature. To amma wa zai dafa abinci? Wa zai wanke kaya, ya share lambu, ya yi wa doki dusa, ya kwana a farke? Dole aka gina baskwata a bayan kowane gida don kuku da boyi da gadina. Waɗanda baskwata ba ta ɗauke su ba, sai suka taru a bakin iyaka. Obalende ke nan. Tsofaffin unguwar suna cewa sojojin Hausawa ne aka taso daga wajen filin sukuwa, inda ake kira Dandalin Tafawa Balewa yanzu, aka kawo su nan, kuma ma'anar sunan da Yarbanci ita ce inda sarki ya koro mu. Tun daga lokacin Obalende ta zama ɗakin girkin Ikoyi da ɗakin kwanan barorinta. Masu kula da dawakin kulob ɗin ƙwallon dawaki, wanda aka kafa tun 1904 ya kuma dawo Ikoyi daga baya, kusan duk daga Arewa suke. Haka tsoffin soja da suka dawo daga yaƙin Bama, da yawansu gadi suka kama, don Bature ya fi yarda da wanda ya taɓa sara masa. Barikin Dodan ma ba daga dodo aka samo sunansa ba kamar yadda yaranmu ke zato, sunan wani wuri ne a Bama inda sojojinmu suka gwabza.

Abin da ya kamata matasa su sani shi ne Ikoyi ta wancan zamani ba ta da katanga. Shingen furanni ne, sai wata 'yar ƙofar katako da ko akuya za ta tsallake. Maigadi na zaune da gorarsa da fitilar ƙwai, wani da kwari da baka. Satar lokacin ba ta wuce a zare wando daga igiyar shanya ko a zura sanda ta taga a ɗauki agogo. Abin da ke tsare unguwar doka ce da kwarjinin mulki: baƙin mutum ba ya yawo a can da dare ba dalili, in an gan shi sai ya faɗi gidan da yake aiki.

Wariyar ta fara rushewa a 1947, sa'ad da otal ɗin Bristol da ke cikin gari ya hana wani babban ma'aikacin Ofishin Mulkin Mallaka na Landan ɗaki, mai suna Ivor Cummings, don kawai baƙi ne. Gari ya ɗauki zafi, Gwamna Arthur Richards ya ga ba makawa ya soke wariya a wuraren jama'a. Unguwannin Turawa aka sake musu suna suka zama unguwannin ma'aikatan gwamnati, G.R.A. ke nan. Da 'yanci ya zo a 1960, ministoci da manyan sakatarori da alƙalai suka gaji gidajen, suka gaji kuku da boyi da maigadi, suka kuma gaji ra'ayin cewa zaman lafiyar babba shi ne ya yi nisa da talaka. Manyanmu na Arewa ma suna ciki. Marigayi Muhammadu Ribadu da marigayi Musa 'Yar'aduwa duk sun riƙe ma'aikatar harkokin Ikko, titin da ya bi ta gaban barikin Dodan ma sunan Ribadu yake ɗauke da shi.

Katanga ta zo ne bayan yaƙin basasa. Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970 ya bar bindigogi a hannun mutane barkatai, ga samari da suka saba da jini ba su da aikin yi. Sata ta tashi daga ta sanɗa ta koma fashi da makami. A wannan shekarar gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar soja da ta yanke hukuncin kisa a kan fashi da makami, kuma a 1971 aka fara ɗaure mutane a jikin durom a bakin teku na Bar Beach ana harbewa a bainar jama'a. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Ishola Oyenusi, wanda ake yi wa laƙabi da Dokta, an harbe shi ran 8 ga Satumba, 1971, dubban mutane suna kallo kamar ranar hawan salla. Daga Ikoyi zuwa wurin tafiyar 'yan mintoci ce. An yi zaton ganin jini zai sa ɓarayi su tuba. Ba su tuba ba, sai ma suka koyi cewa tunda kisa ne a ƙarshe, gara kada su bar mai shaida da rai. Wa ya fi kowa zama mai shaida? Wanda ke bakin ƙofa.

Sa'an nan kuɗin mai ya shigo, aka yi rabon Udoji, motoci da talabijin da firji suka cika gidaje, abin sata ya yawaita. Shingen fure ya koma bulo, bulo ya ƙara tsawo, aka kafa fasassun kwalabe a kai, daga baya aka nannaɗa waya mai ƙaya, daga baya kuma aka sa mata lantarki. Taga ta sha ƙarfe, ƙofa ta sha ƙarfe, har ya zamana in gobara ta tashi mai gida ba shi da ta inda zai fita. A daidai wannan lokaci ne kuma farin 1972 zuwa 1974 ya cinye dabbobin mutanen Sahel, 'yan'uwanmu Buzaye da Zabarmawa da Hausawan Nijar suka gangaro kudu da yawa. Buzu da rawaninsa da takobinsa da butar shayinsa ya zama abin yayi a ƙofar manya, ana cewa ba ya barci, ba ya tsoro, ba ya haɗa baki da 'yan gari. Dabarar Glover ce dai aka sake, bayan shekara ɗari da goma. Da gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takarda a Janairun 1983, aka kuma sake kora a 1985, ƙofofi da yawa sun kwana ba kowa, amma ba a jima ba suka sake cika, don farin 1984 ya sake koro mutane.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan yadda gadin nan yake aiki a zahiri, don masu gidajen kansu ba su cika fahimtarsa ba. Mutum ɗaya da gora ba zai tare mutum shida da bindiga ba, kowa ya san haka, shi ma maigadin ya sani. Ƙarfinsa ba a hannu yake ba. Masu gadin layi guda duk sun san juna, tare suke salla a kan tabarma ɗaya a gindin bishiya, tare suke jin Kaduna da Landan a rediyo ɗaya, tare suke cin tuwo. Sun san motar kowane gida da direbanta, sun san ƙanin uwargida da ke zuwa in maigida ya yi tafiya, sun san kukun da aka kora jiya yana ƙunƙuni. Baƙuwar mota in ta zaga layi sau biyu, kafin ta zaga na uku labari ya kai ƙarshen titi. Da dare ana buga ƙarfe kowace sa'a, wannan ya buga wancan ya amsa, in wani bai amsa ba a je a duba. Teburin tireda da ake rainawa, mai alewa da ashana da goro da sigari, shi ne ofishin labarai na layin gaba ɗaya. Bayan wannan kuma akwai abin da ya fi komai: a da ba a ba mutum ƙofa sai wani ya tsaya masa. Maigidansa na zango ko Sarkin Hausawan unguwa ya san garinsu, ya san ubansa, in wani abu ya ɓace an san inda za a bi. Amanar da ake yabon Bahaushe da ita ba daga sama ta faɗo ba, akwai idon jama'a a bayanta.

Ladan wannan aiki fa? Ɗaki ɗan ƙarami a jikin katanga, wani lokaci kusa da janareta, hayaƙi na shiga har cikin ƙirji. Ba hutun mako, ba fansho, ba takardar ɗaukar aiki. Da rana shi ne mai wanke mota, mai ba fure ruwa, ɗan aike, da dare kuma a ce don me ya yi gyangyaɗi. In 'yan fashi sun zo shi suke fara ɗaurewa, in da ƙarar kwana shi suke fara kashewa. In sun tafi kuma, 'yan sanda suka iso da safe, shi ake fara sa wa ankwa, wai da haɗin bakinsa. Ba mu ce ba a taɓa samun baragurbi a cikinmu ba, an samu, kuma kowane ɗaya ya jawo wa ɗari baƙin jini. Amma duk wanda ya taɓa bin shugabannin al'umma zuwa ofishin 'yan sanda neman beli ya san sau nawa ake tsare mutum wata da watanni ba don an same shi da komai ba, sai don shi ne wanda ba shi da lauya, ba ya jin Turanci, kuma an kira shi aboki an gama da shi.

Yanzu bari mu duba wani gefen, mu tambayi tarihi: jinin da ya fi girgiza Ikoyi, daga ina masu zubar da shi suka fito? Ran Jumma'a 13 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed, Allah Ya jiƙansa, ya fito daga gidansa na Ikoyi zai tafi ofis a barikin Dodan, ba jiniya ba rakiyar motoci, kamar yadda ya saba. Goslo ya tsare baƙar Marsandinsa kusa da sakatariyar tarayya, sojoji suka buɗe mata wuta, suka kashe shi da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa. Laftanar Kanar Dimka ya shiga gidan rediyon da ke nan Ikoyi ya yi sanarwa. Motar tana nan a gidan tarihi na Onikan da hujojin harsashi a jikinta, wanda bai taɓa kai 'ya'yansa su gani ba ya kamata ya kai su.

Bayan shekara goma sha huɗu, daren Lahadi 22 ga Afrilu, 1990, cikin goman ƙarshe na azumi, mutanen Obalende suka farka da ƙarar manyan bindigogi. Sojojin da Manjo Gideon Orkar ya yi magana da yawunsu ne suka afka wa barikin Dodan. Janar Babangida ya sha da ƙyar, dogarinsa Laftanar Kanar U.K. Bello ya rasa ransa. Abin da dattawanmu ba za su manta ba shi ne jawabin da aka karanta a rediyo da safiyar nan: wai an cire jihohin Sakkwato da Barno da Katsina da Kano da Bauci daga Nijeriya, kuma 'yan waɗannan jihohi su tattara su koma gida. Ku auna halin da maigadi ɗan Katsina yake ciki a wannan safiya, yana tsaye a ƙofar wani, an ce masa shi ba ɗan ƙasa ba ne. Kafin la'asar an murƙushe yunƙurin, amma abin ya isa ya sa gwamnati ta gaggauta ƙaura, ran 12 ga Disamba, 1991 Babangida ya koma Abuja. Haka kuma ran 2 ga Fabrairu, 1996 aka harbi Alex Ibru, mai jaridar Guardian kuma tsohon ministan harkokin cikin gida, a kan gadar Falomo, ya rayu amma ya rasa ido ɗaya. Daga baya wani sajan soja ya shaida wa kotu cewa su ne suka yi harbin, ko da yake kotu ta sallami manyan da aka tuhuma. Duk waɗannan ba wanda ya tsallako katanga daga unguwar talakawa. Masu kaki ne, masu izinin wuce kowace ƙofa.

Amma da aka tashi share abin da ake kira barazana, kan wa aka faɗa? Wata uku bayan Orkar, a Yulin 1990, gwamnan soja na jihar, Kanar Raji Rasaki, ya ba mutanen Maroko kwana bakwai su tashi. Maroko tana tsallaken ruwa ne daga Ikoyi, a jikin Victoria Island, gari ne guda na katako da kwano a kan ƙasar gidan Oniru, kuma wasu daga mazaunanta gwamnati ce da kanta ta kai su can a shekarun 1950 lokacin da take share wasu unguwanni. Daga nan direbobi da kukuna da masu wanki da masu gadi suke shiga kwalekwale kowace safiya su tsallaka wurin aiki. Hujjar da aka bayar ita ce wurin yana ƙasa da ruwa, ƙazanta ta yi yawa, kuma maɓoyar ɓarayi ce. Katafila ta shiga cikin tsakiyar damina, aka rushe matsugunin mutum wajen 300,000. Kaɗan aka ba gidajen da ba a gama ba a Ilasan da Ikota, saura suka watse. Da aka gama sai aka cike wurin da yashi, wurin da aka ce ba ya zaunuwa, aka yanka shi filaye masu tsadar gaske. Fashi kuwa bai ragu ba. Shekarun da suka biyo baya su ne na su Shina Rambo, lokacin da 'yan fashi ke rufe layi guda su bi gida gida, har sai da aka fito da sintirin haɗin gwiwar soja da 'yan sanda mai suna Operation Sweep, wanda ya yi tashe a zamanin Kanar Buba Marwa daga 1996. Abin da rushe Maroko ya haifar tabbas shi ne ma'aikacin da a da yake tsallaka ruwa cikin minti goma ya koma fitowa tun kafin asuba daga Ajah ko bayanta.

Daga nan salon tsaro ya sake. Tun 1986 aka yi dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu, sannu a hankali masu yunifom da takalmin soja suka fara karɓe ƙofofin bankuna da ofisoshi da manyan gidaje. Mazauna layi suka fara haɗa kuɗi suna datse titin gwamnati da ƙofar ƙarfe, har gwamnatin jiha ta sha ba da umarnin a riƙa buɗe su da rana don motar asibiti da ta kashe gobara. Aka gina rukunonin gidaje masu ƙofa ɗaya, irin su Dolphin da Parkview, aka cike ruwa aka yi Banana Island inda ba ka shiga sai an kira mai gida ya ce ya san da zuwanka. Wanda ya fi ƙarfi kuma ya ajiye 'yan sandan kwantar da tarzoma a ƙofarsa, alhali unguwa guda a Mushin ko Ajegunle ba ta da mota ɗaya ta sintiri. Mutanenmu ba su ɓace daga ƙofa ba, amma an tura su baya: gidan da ba kowa, filin da ake rigima a kansa, ginin da ba a gama ba. Tsarin tsaya wa mutum ma ya yi rauni, don yaran da rashin tsaro ya koro daga Barno da Zamfara da Katsina suna sauka daga tirela ne ba su san kowa ba, ba su bi ta hannun kowa ba.

Shin duk wannan kuɗi ya sayo zama mai daɗi? Mu da muke ganin bayan gidajen mun san amsar. Unguwar da ake biyan hayar wasu gidajenta da dala ba ta da ruwan famfo da za a dogara da shi. Rijiyar burtsatse tana ba da ruwa mai gishiri ko mai tsatsa, sai an tace, ko a sayi na tanka. Ba babbar magudanar bahaya, kowane gida da raminsa, mota ke zuwa ta zuƙe. Janareta ba ya hutawa. Damina kuwa ba ta san mai kuɗi ba: ruwan Yulin 2011 da na Yulin 2017 sun shiga falo sun shanye motoci a Ikoyi da Victoria Island da Lekki, don an cike fadamun da ruwa ke bi an yi gini a kai. A 2005 gwamnatin tarayya ta sa tsoffin gidajenta na Ikoyi a kasuwa, rabon gida 207 ya jawo abin kunyar da ya ci kujerar ministar gidaje Mobolaji Osomo, kuma tun daga lokacin ake rushe gidajen Turawa masu lambu ana tayar da dogayen benaye a gurbinsu, da yawansu fitila ba ta kamawa a cikinsu da dare don ba kowa. A cikin irin waɗannan ne, a benen Osborne Towers, hukumar EFCC ta buɗe wani gida a Afrilun 2017 ta tarar da dala miliyan 43 da ɗoriya jibge a cikin durowa. Hukumar leƙen asirin ƙasa ta ce nata ne, kotu ta mallaka wa gwamnati kuɗin, shugaban hukumar ya rasa aikinsa. Mai gadin ƙasa da ke karɓar abin da bai kai ya ci wata ba bai san abin da yake gadi ba.

Ran 1 ga Nuwamba, 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard ya rufto da rana tsaka. Fiye da mutum 40 suka mutu, har da mai ginin, amma mafi yawansu leburori ne da magina masu aikin yini, wasu ma ba wanda ke da cikakken sunansu a rubuce. Ba mu san wani dare guda da 'yan fashi suka kashe adadin haka a Ikoyi ba. Haka nan a tsakiyar unguwar, daf da filin ƙwallon dawaki, akwai gidan yarin da aka gina a 1955 don mutum 800, wanda a 2019 yake ɗauke da fiye da 3,000, galibinsu masu jiran shari'a. A Disamban wannan shekara wayar lantarki ta taɓa gadajen ƙarfe a wani ɗaki ta kashe fursunoni biyar. Duk wanda ya taɓa kai ziyara can ran salla ya san yawan masu amsa sallama da Hausa.

Matakin da ya fi taɓa matasanmu a 'yan shekarun nan shi ne hana acaba. An fara taƙaita ta da dokar hanya ta 2012, aka tsananta a Fabrairun 2020, sa'an nan daga 1 ga Yuni, 2022 Gwamna Sanwo-Olu ya hana ta ɗungum a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa wadda Ikoyi da Obalende ke ƙarƙashinta, bayan kisan gillar da aka yi wa wani matashi a Lekki aka ɗora alhakinsa a kan 'yan acaba. Kisan abin Allah wadai ne, kuma ba mai musun cewa ana ƙwace da babur. Sai dai dubban baburan da aka kama aka niƙa, yawancinsu na bashi ne, na yaran da ba su taɓa cutar kowa ba. Wasunsu sun koma gida, wasu sun koma jari bola da turin ruwa, wasu sun shiga neman gadi ko da na abinci ne, abin da ya ƙara karya farashin aikin.

Ina waɗannan mutane suke kwana, tunda ba Maroko, baskwata kuma an mai da ita gidan haya mai tsada? A farkon 2024 jami'an muhalli na jihar suka share rumfunan da ke ƙarƙashin gadar Obalende. Bayan 'yan watanni suka leƙa ƙarƙashin gadar da ke jikin rukunin gidajen Dolphin, a cikin Ikoyi, suka tarar an yanka wurin ɗaki 86, kuma kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab ya ce masu zama a ciki suna biyan hayar Naira 250,000 a shekara. An rushe ɗakunan, an kwashe tarkacen, mutanen kuma suka ɗauki tabarminsu suka nemi wata gadar.